Fanka Tana Juyawa

Ubale yana kwance a ƙarƙashin wata tsohuwar a-kori-kura a garejinsa na Doguwa, sai ya ga ƙafafun mutum sun tsaya a gefen taya. Takalman ya fara ganewa. Na Rufa'i ne, ƙanin matarsa Luba, wanda bai taɓa shigowa garejin nan ba tare da tsokana a bakinsa ba. Yau sallamar ma da kyar ta fito.

Ubale ya jawo jikinsa waje, ya zauna a ƙasa da sifana a hannu.

"Yaushe?"

"Da asuba, Yaya. Da kalmar shahada a bakinta ta cika."

Ubale ya yi salati. Ya nemi inda zai ajiye sifanar ya rasa, sai ya ci gaba da riƙe ta.

Tun farkon bazara Luba take gidansu a Bebeji tana jinyar ciwon ƙirji. Makon jiya ya baro ta da alƙawarin zai je ya ƙarasa wani aiki ya dawo. Aikin ya ƙare jiya da yamma. Ita ma ta ƙare yau da asuba.

Rufa'i ya ce, "Kawu Mudi ya ce za a jira ka zuwa azahar. Ya ce zafin nan ba ya barin gawa ta jira kowa. Ana idar da salla za a ɗauke ta, ko ka zo ko ba ka zo ba."

Kawu Mudi ƙanin mahaifin Luba ne, shi ne babba a gidan yanzu. Shekara ashirin ke nan yana faɗa wa duk wanda ya tsaya sauraro cewa an ba da 'yar gidan malamai ga mutumin da baƙin mai ba ya fita daga farcensa.

Abu ɗaya Luba ta taɓa roƙon Ubale da gaske a duk zamansu. 'Ya'ya biyu suka haifa, duka sun koma tun ba su yi wayo ba, kuma Ubale ne ya shiga kabari ya karɓe su da hannunsa. Ranar da zai baro Bebeji ta riƙe bakin rigarsa ta ce, "Maigida, hannun da ya kwantar da 'ya'yana shi nake so ya kwantar da ni. Kada ka bari wani ya karɓe ni." Ya ce mata ta daina irin wannan magana. Ta ce ba ta ji amsa ba. Ya ce ya ɗauka.

Yanzu hantsi ne. Mota mai lafiya za ta kai mutum Bebeji ya tarar da sauran lokaci har ya yi alwala a tsanake. Amma ba ranar kasuwa ba ce, ga wahalar mai ta kwantar da rabin motocin haya, waɗanda ke fitowa daga Jos kuwa a cike suke wucewa, ko kallon mai ɗaga hannu ba sa yi.

Alhaji Bature, mai sayen masara, ya ji labari daga shagonsa. Ya tako da kansa ya yi gaisuwa, sannan ya miƙa wa Ubale makulli.

"Ɗauki tawa. Da mai a ciki. Kai ka gyara ta, kai ka san halinta."

"Allah ya saka da alheri, Alhaji."

Motar nan ita ce aikin da ya riƙe shi. 'Yar Beljiyam ce, irin waɗanda a shekarun nan ake kwasowa ta Kwatano bayan Turawa sun gama cin moriyarsu. Alhaji ya kawo ta da ƙorafi biyu: tana zafi in ta shiga cunkoso, kuma tana kakkarwa ta mutu in an tsaya. Ubale a kan Fijo ya koyi aiki, a kan Fijo ya yi furfura. Da ya buɗe bonet ɗin wannan ya ga wayoyi da bututu kamar hanjin rago, sai ya yi mata abin da kowane bakanike daga nan har Kwanar Ɗangora yake yi wa irinta. Ya cire tamosta, 'yar na'urar da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, ya wurga bayan gareji, domin kowa ya san don ƙasar ƙanƙara aka yi ta. Ya gano wani bawul da ke ɗebo hayaƙi daga salansa yana mayar da shi cikin inji, ya cushe da baƙar toka ya ƙi rufuwa. Ubale ya daɗe yana kallonsa yana mamakin mutanen da za su zauna su ƙera mota mai cin kashinta. Ya yanko murfin gwangwanin madara ya toshe hanyar, kakkarwa ta tsaya. Saura fanka. Ta lantarki ce, ba ta bel ba, kuma abin da ke tayar da ita in inji ya yi zafi ya mutu. Ya yanke filoginta, ya jawo waya biyu daga tarkacensa, ya haɗa ta kai tsaye da makulli. Yana murɗawa ta ɗauka da ƙara kamar injin niƙa. Ya bar motar tana aiki a inuwar gareji har la'asar, allurar da ke nuna zafin inji ba ta wuce tsakiya ba. Alhaji ya ce lallai akwai gwanaye a ƙauye.

Ubale bai sake kaya ba. Ya cika jarka da ruwa, ya jefa akwatin kayan aiki a but, suka hau titi.

Suka shiga dajin Falgore. Itatuwa sun zubar da ganye, ciyawa ta ƙone, kwalta tana rawa a gabansu don zafi. Can Rufa'i ya shafa kujerar da yake kai.

"Shekara ashirin kana auren yayata, sai yau ka ɗauke ni a motar da ke da ƙofa huɗu duka suna rufuwa."

"Ta aro ce. Kada ka saba."

"Ai na sani. Da taka ce da yanzu ina baya ina turi."

Rufa'i ya yi wata guntuwar dariya, ya kau da kai waje.

Idon Ubale yana kan allura. Ta bar tsakiya. Ya ce a ransa hawa ne, in sun gangara za ta sauko. Suka gangara, ba ta sauko ba. Ya rage gudu, ta ƙara hawa. Ta taɓa ja, sannan wani wari kamar na tukunyar da aka manta a kan wuta ya cika motar, tururi ya fara fitowa ta gefen bonet.

Ya gangara gefen titi ya buɗe. Lagireto yana kuka kamar buta.

"Mene ne?" in ji Rufa'i.

"Zafi ta yi."

"Wannan ko ni da nake sayar da atamfa na gani."

Ba a buɗe murfin lagireto yana tafasa, sai wanda ya gaji da fuskarsa. Dole suka tsaya suna kallonsa. Ubale ya yi amfani da jiran ya bi abubuwa ɗaya bayan ɗaya, yadda ya saba. Ya leƙa ƙarƙashi, ba yoyo. Ya matsa bututun sama da na ƙasa da tsumma, ba wanda ya fashe. Ya danna bel ɗin famfon ruwa da yatsa, a ɗaure yake. Ya zaro ma'aunin baƙin mai, mai ne zalla, bai yi fari-fari irin na wanda ruwa ya shiga ba, wato gasket bai ƙone ba tukuna. Ya murɗa makulli, fanka ta ɗauka da ƙararta.

"Fanka tana juyawa," ya ce, ya cire ta daga lissafi.

To me ya rage? Idonsa ya faɗa kan bawul ɗin hayaƙi. Tun jiya abin nan yake masa tsaye a rai, don shi kaɗai ne bai san amfaninsa ba. Wataƙila hayaƙin da ya toshe wa hanya ne ya rasa mafita yake dafa injin daga ciki. Mutum in ya rikice, abin da bai sani ba yake fara tuhuma.

Ya ɗauko sifana. Ƙarfen yana da zafin da tsumma ba ya tarewa, notin baya kuma a wani lungu yake da ba a yi shi don hannun ɗan Adam ba. Fatar yatsunsa biyu ta tashi. Ya kwance, ya zare murfin gwangwanin, ya mayar ya ɗaure. Kafin ya gama inuwar motar ta ja da baya ta shige ƙarƙashinta. Suka juye ruwan jarka duka a lagireto.

Motar ta tashi tana kakkarwa kamar mai masassara, sai da totur take tsayuwa. Suka tafi. Allura ta zauna a tsakiya na ɗan lokaci, har Rufa'i ya ce alhamdulillahi. Sannan ta fara hawa a hankali, ba gaggawa, kamar ma'aikacin da ya san ba mai korarsa.

Karo na biyu a tsakiyar daji ta tsaya, kusa da wata gada. Ƙoramar da ke ƙarƙashi yashi ne fari fat. Ruwan da suka zuba ya tafi a tururi, jarka kuma babu ko ɗigo.

Motoci biyu suka wuce a cike. Direban ta biyu ya ɗaga musu hannu, alamar Allah ya kawo sauƙi.

Rufa'i ya dubi sama, ya dubi Ubale.

"Yaya, Kawu ba zai ƙara ko minti ba. Ka san shi."

"Na san shi."

"Ita kuma ta faɗa mini abin da kuka yi da ita. Daren jiya ma ta maimaita. Ta ce in ce maka..."

"Ɗauki jarka," in ji Ubale. "Ga sawun shanu can. Inda shanu suke akwai ruwa."

Rufa'i ya ɗauka ya gangara.

Ubale ya tsaya shi kaɗai a gaban injin. Ya sake bin komai daga farko. Bututu, bel, mai, murfi. Ya fara tunanin ko lagireton ne ya toshe daga ciki, ko fukafukan famfon ruwa ne suka cinye. In ɗaya daga cikinsu ne, to babu abin yi a dajin nan. Ya tuna yadda ake karɓar gawa daga hannun mutane, nauyin da ke sauka a damtse, yadda ake juya ta a kan gefen dama, a sassauta ɗaurin likkafani ta wajen kai. Ya san aikin. Sau biyu ya yi shi, kuma lokacin nauyin bai kai na batir ba.

An daɗe kafin Rufa'i ya dawo. Tare yake da wani dattijon Bafulatani, dogo, mai suna Hayatu, wanda rugarsu take bayan tudu. Sun haƙa rami a yashin ƙorama, a nan suke ɗiba da ƙwarya kaɗan-kaɗan, su da shanunsu. Dattijon ya ji cewa gawa ce take jira, ya sa aka bar wa Rufa'i layi, ya kuma rako shi da goran ruwa a kafaɗa.

"Sannu da ƙoƙari, Baffa," in ji Ubale.

"Allah ya jiƙan ta. Ndiyam ɗin, ruwan nan, ba shi da kyau, amma shi ke gare mu."

Ruwan ja ne, da yashi. Suka tace shi da hular Rufa'i.

"Sabuwa ce fa," in ji Rufa'i.

"Ta fi amfani yanzu da lokacin da take kanka. Shiga ka tayar, ka riƙe mini totur. Ba a zuba wa inji mai zafi ruwa a kashe."

Rufa'i ya shiga ya tayar. Fanka ta ɗauka. Ubale yana gefe yana tsiyaya ruwa a hankali, dattijo Hayatu yana tsaye a gaban motar ya jingina da sandarsa yana kallo. Can sai ya matsa gefe yana kakkaɓe ƙafa.

"Kai! Wannan numfashinta da zafi, kamar saniya mai ciwon huhu. Wuta take hura mini a ƙauri."

Ubale ya ci gaba da zubawa. Sai hannunsa ya tsaya.

Ya ajiye jarkar. Ya zagayo inda dattijon ya tashi, ya durƙusa, ya sa tafin hannu a gaban ragar motar. Iska mai zafi ta buge shi. Ya ɗauki busasshen ganye ya kai kusa da lagireto ya saki. Ganyen ya yi tsalle ya faɗa kan kwalta bayansa.

Rabin rayuwarsa ya yi yana tsince fara da gashin kaza da ƙaiƙayi daga fuskar lagireto, domin fanka jawo iska take yi daga gaba ta shigar da ita ciki, duk abin da ya zo kusa sai ya manne. Wannan turawa take yi waje. A tsaye cikin inuwar gareji ko ta wace hanya iska ta bi tana ɗan sanyaya ruwa, shi ya sa jiya allura ba ta motsa ba. A kan titi kuwa, iskar gudu tana shigowa daga gaba, fanka tana tare ta daga baya, su yi ta kokawa a bakin lagireto, babu wadda ta ratsa.

Fankar Fijo bel ne ke jan ta, inda inji ya juya nan take juyawa, ba ta da ikon yin baya. Ba a taɓa tambayar ta ina ta nufa. Ana duba ko tana juyawa, shi ke nan. Wannan kuwa waya biyu gare ta, kuma wayoyin da ya ɗebo daga tarkacensa jiya duka baƙaƙe ne.

"Kashe," ya ce.

Ya warware tef. Haɗin da ya yi a wajen makulli ya narke rabi don zafi, bai tsaya gyara shi ba. Ya juya wayoyin, wadda ke nan ta koma can, ya ɗaure su kai tsaye a kan batir da filaya. Fanka ta ɗauka tun kafin a taɓa makulli. Ya sake ɗaukar ganye ya saki. Ganyen ya manne a jikin raga ya zauna.

Duk aikin bai kai daɗewar alwala ba.

"Me ya lalace?" in ji Rufa'i.

"Waya."

"Mutanen Kwatano ke nan. Allah ya isa."

Ubale ya tattara kayan aikinsa. Ya rufe bonet. Dattijon ya juye musu ruwan goransa a jarka ya ce su tafi da shi ko za a buƙata. Ba a buƙata ba.

Daga nan allura ta sauka ƙasa da tsakiya ta kafe. Ubale ya taka motar yadda Alhaji Bature bai taɓa taka ta ba, suka fita daga daji, suka keta Tudun Wada, allura ba ta ko girgiza ba. Yana duba ta yana jin kamar ya sa hannu ya fasa gilashin.

A Kafin Maiyaki wani amalanke ya gitta musu da buhunan taki. Ubale ya taka burki, ƙafarsa ta bar totur, motar ta yi kakkarwa ta mutu. Bawul ɗin hayaƙin da ya buɗe a daji ne, wanda ba shi da laifin komai sai wanda aka san shi da shi. Murfin gwangwanin yana can a gefen titin Falgore. Ya murɗa, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Rufa'i ya fita, wasu 'yan acaɓa suka taya shi turi.

"Na faɗa maka zan yi turi," in ji Rufa'i da ya dawo yana haki. Ba wanda ya yi dariya.

Tana tashi ladanin masallacin bakin kasuwa ya ɗaga murya.

Ba su tsaya ba. Suka hau babban titi, suka karya kafin Bagauda, suka shiga hanyar Bebeji. A ƙofar gidan su Luba tabarmi ne shimfiɗe babu kowa a kai, sai butoci. Daga cikin gida ana jin muryoyin mata ƙasa-ƙasa. Ubale bai kashe mota ba, ya wuce bayan gari.

A bakin maƙabarta suka haɗu da su suna fitowa. Na gaba suna saɓe da fartanya da magirbi, wasu biyu suna riƙe da makara, mara nauyi, tabarmar a naɗe a ciki. Ubale ya tsaya a tsakiyar hanya ya zare makulli ya fito.

Kawu Mudi yana tsakiyar mutane. Gwiwoyin wandonsa da jar laka, haka ma hannayen rigarsa har gwiwar hannu. Ubale ya durƙusa ya gaishe shi, idonsa a kan lakar.

"Mun jira ka," in ji Kawu Mudi. "Har liman ya ce a ƙara kaɗan, aka ƙara. Da ba ka zo ba na shiga na karɓe ta da kaina. Allah ya ba ka haƙuri."

"Kawu, mota ce ta yi zafi a Falgore," in ji Rufa'i. "Wallahi tun hantsi muke hanya."

Tsohon ya dubi motar, ya dubi hannun Ubale.

"Mota. To. Ni dai na zaci bakanike aka ce mini."

Ya wuce. Mutane suka bi layi suna miƙa wa Ubale hannu, kowa ya yi gaisuwa ya duba tafinsa ya goge a gefen riga.

Da suka ragu, Ubale ya buɗe but ya ɗauko jarkar. Kabarin ba ya ɓata, shi kaɗai ne ɗanye a wurin, an jera masa ƙaya a kai. Ya tsaya ta wajen kai ya yi addu'ar da ya iya. Ya so ya ce wani abu bayan addu'ar, ya ga babu abin da zai faɗa wanda ba bayani ba ne, ita kuma ba bayani ta roƙa ba. Ya buɗe jarkar ya yayyafa ruwan Falgore daga kai zuwa ƙafa. Ƙasa ta shanye nan take. Ya dafa tudun da hannunsa mai ƙuna, ya daɗe a haka. Da ya ɗaga, shatin yatsu biyar ya fito baƙi a kan lakar.

Rufa'i yana jiransa a jikin mota, hularsa jiƙaƙƙiya a hannu. Wurin ya yi tsit, ban da ƙara ɗaya. Makulli yana aljihun Ubale, inji a kashe, amma fankar da ya ɗaura a kan batir tana ta aiki, tana jawo iska yadda ya kamata. Ƙaiƙayi da busassun ganye sun manne a ragar gaba.

"Yaya, ba ta tsaya ba fa. Za ta cinye wa Alhaji batir."

Ubale ya zauna a ƙasa, ya jingina bayansa da taya.

"Bar ta," ya ce. "Daidai take juyawa."